Jirage Marasa Matuƙa: Dalilan Da Suka Sa Jama'a Ke Maraba Da Su Kuma Suke Ɗari-Ɗari

A garin Pambeguwa da ke Ƙaramar Hukumar Kubau ta Jihar Kaduna, akwai wata cibiya da ƙananan jirage marasa matuƙa ke tashi daga cikinta ɗauke da magunguna, alluran rigakafi da jini. Sukan nufi asibitocin karkara, su saki kayan da 'yar lema, sannan su juyo gida. Kamfanin Zipline ne ke tafiyar da cibiyar tun shekarar 2022, bisa yarjejeniyar da ya ƙulla da gwamnatin jihar.

A wannan jiha dai, a daren Lahadi 3 ga Disambar 2023, wani jirgi maras matuƙi na rundunar sojin ƙasa ya saki bam a kan masu taron Mauludi a ƙauyen Tudun Biri da ke Ƙaramar Hukumar Igabi. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa ta ce mutum 85 ne suka rasu, yayin da ƙungiyar Amnesty International ta ce adadin ya kai 120.

Suna ɗaya ake kiran na'urorin biyu da shi, amma mai naƙudar da aka kawo wa jini ta sama da mutumin da ya binne 'yan uwansa a Tudun Biri ba za su taɓa kallon su da ido ɗaya ba. Tsakanin waɗannan biyu kuma akwai miliyoyin mutanen da ke jin ƙugin ƙaramin jirgi a wurin biki, ko a filin hawan Sallah, ko a saman gidajensu, suna ɗaga kai da tambayoyi uku a zuciya: na wane ne, me yake nema, kuma ina hoton da ya ɗauka zai tafi?

Wane irin jirgi ake nufi?

Kafin a fahimci ra'ayin jama'a, wajibi ne a rarrabe nau'o'in da ake magana a kansu, domin cakuɗa su na daga cikin abubuwan da ke rikita muhawarar.

Nau'i na farko shi ne ƙaramin jirgi mai farfela huɗu, wanda masu ɗaukar hoton biki, 'yan fim da 'yan jarida ke amfani da shi. Wasunsu nauyinsu bai kai giram 250 ba, suna shiga jakar hannu, kuma batirinsu na ɗaukar kimanin rabin sa'a a sama. Da wayar salula ko ƙaramar na'urar hannu ake sarrafa su. Kamfanin DJI na ƙasar Sin, wanda aka kafa a 2006, shi ne ke riƙe da mafi girman kason kasuwarsu a duniya.

Nau'i na biyu shi ne na ayyukan sana'a: awon filaye, zana taswira, feshin gonaki, duba bututun mai da layukan lantarki, da kai saƙo. Irin wannan ne aka fara kai jini da shi a Ruwanda a watan Oktoban 2016, sannan a Ghana a watan Afrilun 2019.

Nau'i na uku shi ne na soja, wanda kan shafe sa'o'i masu yawa a sama, yana tashi nesa da inda ido ke iya hangowa, wani lokaci kuma ɗauke da makamai. Najeriya ta sayi irinsu daga Sin da Turkiyya, kuma a watan Fabrairun 2018 tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da wani na leƙen asiri mai suna Tsaigumi a Kaduna, wanda rundunar sojin sama ta haɗa.

Abin da ya haɗa ukun shi ne kyamara da kuma nisan da ke tsakanin na'urar da mai sarrafa ta. Wanda ke ƙasa yana ganin jirgin, amma ba ya ganin mutumin da ke kallonsa. Daga nan ne mafi yawan fargabar ta samo asali.

Abin da binciken jin ra'ayi ya nuna

An fi gudanar da binciken jin ra'ayin jama'a kan wannan batu a Amurka da Turai, kuma sakamakon da ake samu na maimaita abu ɗaya: mutane na yanke hukunci ne bisa aikin da jirgin ke yi da kuma wanda ke riƙe da shi.

A shekarar 2012, Jami'ar Monmouth da ke Amurka ta tambayi jama'a kan ayyuka daban-daban. Kashi 80 cikin 100 sun goyi bayan amfani da jiragen wajen neman waɗanda suka ɓata da ceton rai. Kashi 67 sun amince a yi amfani da su wajen farautar masu laifin da suka tsere, kashi 64 kuma wajen tsaron iyaka. Amma da aka zo kan batun kama direbobi masu gudun wuce sa'a, kashi 23 ne kacal suka amince. Na'urar ba ta sauya ba, hukumar da za ta riƙe ta ma ba ta sauya ba. Abin da ya sauya shi ne wanda za a sa wa ido: a tambaya ta ƙarshe, mai amsawar ya ga kansa a cikin hoton.

Cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2014 cewa kashi 63 cikin 100 na Amurkawa na ganin bai wa jiragen ɗaiɗaikun mutane da na kamfanoni izinin shawagi a sararin samaniyar ƙasar koma baya ne. A wani binciken da ta wallafa a ƙarshen 2017, kashi 8 cikin 100 ne suka ce sun mallaki irin wannan jirgi, kashi 59 kuma sun taɓa ganin yana shawagi. Da aka tambaye su yadda za su ji idan suka gan shi kusa da inda suke zaune, kashi 58 sun ce zai ja hankalinsu su so sanin abin da yake yi, kashi 26 kuma sun ce hankalinsu ba zai kwanta ba. Duk da haka, kashi 54 sun ce bai kamata a bar jiragen su yi shawagi kusa da gidajen mutane ba.

A Turai, Hukumar Kula da Lafiyar Sufurin Sama ta Tarayyar Turai ta wallafa wani bincike a watan Mayun 2021 da ta gudanar a manyan birane shida, ciki har da Paris, Milan da Hamburg. Kashi 83 cikin 100 sun nuna kyakkyawan ra'ayi game da sufurin sama a cikin birane, musamman domin ayyukan gaggawa da na lafiya. Amma sun bayyana damuwa kan haɗari, ƙara, tsaro da kuma illa ga tsuntsaye da dabbobi.

Dangane da jiragen yaƙi kuwa, binciken Pew na 2014 a ƙasashe 44 ya nuna cewa a 39 daga cikinsu, masu adawa da hare-haren da Amurka ke kaiwa da jirage marasa matuƙa sun rinjayi masu goyon baya.

Katanga ba ta tare ido daga sama

Batun sirri yana da nauyi na musamman a wuraren da tsarin gini ya dogara da katanga. A gidan Bahaushe na gargajiya, zaure ne iyakar baƙo. Bayan shi akwai tsakar gida a buɗe, inda mata ke girki, wanki, kitso da hutawa ba tare da lulluɓi ba. A gidaje da yawa, musamman a karkara da tsofaffin unguwanni, makewayi ma ba shi da rufi. An tsara wannan gini ne bisa tunanin cewa ido daga gefe yake zuwa, kuma dogon bango ya isa ya tare shi.

Al'ada ta tanadi hanyar bi idan larura ta sa namiji zai hau sama. Magini ko mai gyaran rufi kan sa a sanar da maƙwabta kafin ya taka tsani, domin mata su kintsa ko su shiga ɗaki. Addinin Musulunci ya hana bibiyar asirin mutane da leƙen gidajensu, ya kuma wajabta neman izini kafin shiga, kuma a kan wannan tarbiyya aka reni al'umma.

Ƙaramin jirgi mai kyamara na tsallake duk wannan tsari cikin daƙiƙu. Mai ɗaukar hoton ɗaurin aure da ya tayar da jirginsa domin ya nuna yawan taro, ko da bai yi niyya ba, zai kwaso tsakar gidajen da ke kewaye a cikin hoto ɗaya. Idan aka ɗora bidiyon a TikTok ko Facebook, matar da ke shanya a gida na uku ta shiga idon dubban mutanen da ba ta sani ba, kuma babu wanda ya nemi yardarta.

Akwai bambance-bambance uku tsakanin wannan jirgi da kyamarar tsaro da ake kafawa a jikin bango. Kyamarar bango tana wuri ɗaya, an san mai ita, kuma wanda ba ya so a ɗauke shi yana iya kauce mata. Jirgin kuwa yana bin mutum, mai shi na iya kasancewa a wata unguwa, kuma wasu na da madubin da ke jawo abu daga nesa ko na'urar da ke gane ɗumin jiki da dare. Shi ya sa ko jirgin da ba ya ɗaukar komai kan tayar da hankali, tunda wanda ke ƙasa ba shi da hanyar tabbatarwa.

Wa ke da sararin saman gida?

Tsohuwar ƙa'idar shari'a a Turai ta ɗauka cewa mai fili ya mallake shi tun daga ƙarƙashin ƙasa har zuwa sama. Zuwan jiragen sama ya rusa wannan tunani. A shekarar 1946, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani mai kiwon kaji a jihar North Carolina, wanda jiragen soja ke ratsa saman gonarsa a tsayin da bai wuce mita 25 ba, har kajinsa kimanin 150 suka mutu saboda firgita. Kotun ta ce sararin sama hanya ce ta kowa, amma mai fili na da iko da sashen da ke kusa da ƙasa wanda yake iya amfani da shi. Ba ta faɗi takamaiman tsayin da iyakar take ba.

A 1989, kotun ta sake yanke hukuncin cewa 'yan sanda ba su buƙatar sammaci kafin su leƙa harabar gida daga jirgi mai saukar ungulu da ke tsayin kimanin mita 120. Amma a lokacin, tayar da irin wannan jirgi na cin kuɗi masu yawa, kuma tsadar kanta ta zama kariya ga jama'a, domin babu hukumar da za ta iya sa ido a kan kowa. Arahar ƙananan jirage ta kawar da wannan kariya.

Yanzu dokokin Amurka, Birtaniya da Tarayyar Turai sun taƙaita ƙananan jirage ga tsayin da bai wuce kimanin mita 120 ba, domin kada su ci karo da jiragen fasinja. Ma'ana, doka ta tura su daidai sashen da ya fi kusa da rufin gidaje.

Wannan giɓi ya sa wasu ɗaukar doka a hannunsu. A watan Yulin 2015, wani magidanci a jihar Kentucky ya harbo wani jirgi da ya ce yana shawagi a saman harabar gidansa, kuma daga baya alƙali ya yi watsi da tuhumar da aka yi masa. Sai dai hukumar sufurin saman Amurka ta nace cewa harbin duk wani jirgi, ko da maras matuƙi ne, laifi ne a dokar tarayya, domin harsashi ko ɓaraguzan jirgin na iya faɗa wa wani.

Idan mai leƙen hukuma ce

Ra'ayin jama'a kan ƙara tsauri idan jirgin na hannun 'yan sanda, musamman idan an sayo shi ba tare da shawara da al'umma ba. A watan Fabrairun 2013, magajin garin Seattle a Amurka ya soke shirin 'yan sandan birnin na amfani da jirage biyu da suka saya, bayan mazauna sun yi ca a zaurukan sauraron ra'ayi.

Lokacin kullen annobar korona ya ƙara fito da batun fili. A watan Maris na 2020, 'yan sandan yankin Derbyshire a Birtaniya sun wallafa bidiyon da jirginsu ya ɗauka na mutanen da suka fita tattaki a tsaunuka, suna kunyata su, lamarin da ya jawo suka daga sassa da dama. A Faransa, babbar kotun da ke sauraron ƙararraki kan hukumomin gwamnati ta umarci 'yan sandan Paris, a ranar 18 ga Mayun 2020, su daina sa ido kan masu karya dokar kulle da jiragen, saboda babu dokar da ta tsara yadda za a kare bayanan mutanen da ake ɗauka. Sai da majalisar dokoki ta yi doka a 2022 kafin aka sake buɗe ƙofar, tare da sharuɗɗa.

Darasin da masana shari'a ke ciro wa daga waɗannan misalai shi ne cewa jama'a kan yarda da sa ido mai iyaka, wanda ke da dalili, wa'adi da mai amsa tambaya. Abin da suke ƙi shi ne sa ido a kan kowa, a kowane lokaci, ba tare da an san ranar goge hotunan ba.

Barazanar da ke damun hukumomin tsaro

A ɗaya ɓangaren, fargabar hukumomi ma tana da tushe. Daga ranar 19 zuwa 21 ga Disambar 2018, rahotannin ganin jirage marasa matuƙa sun tilasta rufe filin jirgin sama na Gatwick da ke kusa da Landan. Kimanin jirage 1,000 aka soke ko aka karkatar, kuma abin ya shafi fasinjoji kusan 140,000 da ke shirin tafiyar Kirsimeti. An kama mutum biyu aka sake su ba tare da tuhuma ba, kuma ba a gurfanar da kowa ba. A watan Maris na 2019, Birtaniya ta faɗaɗa yankin da aka haramta tashin jiragen a kewayen filayen jirgi daga kilomita ɗaya zuwa biyar.

A ranar 4 ga Agustan 2018, ƙananan jirage biyu ɗauke da nakiya sun fashe a wurin wani faretin soja a Karakas, yayin da Shugaba Nicolas Maduro na Benezuwela ke jawabi. A ranar 14 ga Satumban 2019, hari da jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami a kan cibiyoyin mai na Abqaiq da Khurais ya dakatar da haƙo ganga miliyan 5.7 a kullum, wato kimanin rabin abin da Saudiyya ke samarwa. A watan Nuwamban 2021 kuma an kai wa gidan Firaministan Iraƙi Mustafa al-Kadhimi hari da irin waɗannan na'urori.

Yankin Tafkin Chadi bai tsira ba. Mayaƙan ISWAP sun daɗe suna amfani da ƙananan jiragen kasuwa wajen leƙen sansanonin soja da ɗaukar bidiyon farfaganda, kuma daga ƙarshen 2024 an fara samun rahotannin ɗora musu abubuwan fashewa a hare-haren Jihar Borno. A watan Janairun 2025, rundunar Hadin Kai ta haramta tayar da jirage marasa matuƙa ba tare da izini ba a yankin Arewa maso Gabas.

Kakkaɓo ƙaramin jirgi ba abu ne mai sauƙi ba. Na'urar hango jirage kan ɗauke shi a matsayin tsuntsu. Toshe siginarsa na iya katse sadarwar jama'a da ta jiragen fasinja. Harbinsa a cikin gari kuma na da haɗari. 'Yan sandan ƙasar Holan sun taɓa horar da mikiya domin cafko jiragen a 2016, amma suka jingine shirin bayan shekara guda saboda tsada da kuma ƙin bin umarnin tsuntsayen.

Tudun Biri da batun amana

A yankunan da ke fama da 'yan bindiga, mutane da yawa na roƙon a ƙara sa ido daga sama, domin suna ganin ita ce hanyar gano maɓoyar masu garkuwa da mutane a dazukan da mota ba ta shiga. Ga wanda aka sace wa 'ya'ya, maganar sirri kan zo ne bayan maganar rai.

Amma wannan goyon baya na rataye ne a kan amana, kuma kuskure ɗaya na iya zubar da ita. Bayan harin Tudun Biri, rundunar sojin ƙasa ta amsa cewa jirginta ne, ta ce an ɗauki taron jama'ar a matsayin gungun 'yan bindiga. Babban Hafsan Sojin Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je ƙauyen ya nemi afuwa, Shugaba Bola Tinubu kuma ya ba da umarnin bincike. A watan Mayun 2024, hedikwatar tsaro ta sanar da cewa jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja.

Lamarin ya nuna iyakar abin da kyamara ke iya gani. Daga sama, taron Mauludi, zaman makoki, cin kasuwar dare da taron 'yan bindiga duk gungun mutane ne a cikin duhu. Wanda ya san ƙauyen ne kaɗai zai iya bambancewa, shi ya sa masana tsaro ke jaddada cewa hoton sama ba ya maye gurbin bayanan da ake samu daga mutanen gari.

Akwai kuma illar da ba ta barin tabo a jiki. Wani rahoto da masana shari'a na jami'o'in Stanford da New York suka fitar a watan Satumban 2012 kan yankunan ƙabilu na Pakistan ya bayyana yadda ƙugin jirage dare da rana ya sa mutane ke tsoron halartar jana'iza da tarukan sulhu, wasu iyaye kuma suka hana 'ya'yansu zuwa makaranta. A Jamhuriyar Nijar, sansanin jirage marasa matuƙa da Amurka ta gina a Agadas ya daɗe yana jawo tambayoyi daga ƙungiyoyin farar hula kan abin da ake tattarawa da kuma wanda ke cin moriyarsa, kafin sojojin Amurka su fice daga cikinsa a watan Agustan 2024.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

A watan Mayun 2016, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta haramta tayar da jirgi maras matuƙi a sararin samaniyar ƙasar ba tare da izininta da amincewar Ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro ba. Shigo da jiragen daga waje ma na buƙatar takardar shaidar mai amfani daga wannan ofishi. A ƙa'idojin sufurin sama da hukumar ta sabunta a 2023, an ware wa jirage marasa matuƙa sashe na musamman.

Waɗannan ƙa'idoji sun fi karkata ga lafiyar sararin sama da tsaron ƙasa. Kariyar sirri tana fitowa ne daga wasu dokokin. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba da tabbacin kare sirrin 'yan ƙasa, gidajensu, wasiƙunsu da hirarsu ta waya. Sashe na 45 kuma ya halatta taƙaita wannan 'yanci ta hanyar doka domin tsaron ƙasa, zaman lafiya ko kare haƙƙin wasu.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin shekarar, ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya. Hoton da za a iya gane mutum a cikinsa na shiga sahun bayanan da dokar ke karewa. Don haka kamfanin da ke tattara irin waɗannan hotuna dole ya kasance da halastaccen dalili, ya taƙaita ga abin da yake buƙata, ya kuma adana su yadda ba za su faɗa hannun wasu ba. Tarar manyan masu sarrafa bayanai na iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Sai dai dokar ta yi sassauci ga ayyukan tsaron ƙasa da binciken laifuka, da kuma abin da mutum ya ɗauka domin amfanin kansa ko iyalinsa, matuƙar bai keta haƙƙin sirrin wani ba.

Babban ƙalubalen shi ne aiwatarwa. Ana sayar da ƙananan jirage a kasuwanni da shafukan intanet, kuma yawancin masu ɗaukar hoton biki ba kamfanoni ba ne masu lauyoyi. Ƙwararru a harkar sun sha kokawa cewa idan hanyar samun izini ta yi tsawo da tsada, masu ƙaramin ƙarfi kan kauce mata gaba ɗaya, wanda hakan ke barin hukuma ba ta san adadin jiragen da ke sama ba.

Ina hotunan ke zuwa?

Wani sashe na damuwar bai shafi abin da jirgin ke gani ba, ya shafi inda bayanan ke sauka. Jirgin zamani na adana hanyar da ya bi, tsayinsa, lokaci da ainihin wurin da aka ɗauki kowane hoto, kuma manhajar da ke sarrafa shi na iya haɗuwa da intanet. A watan Agustan 2017, rundunar sojin Amurka ta umarci dakarunta su daina amfani da kayan DJI saboda fargabar kutse, kuma a Disambar 2020 ma'aikatar kasuwancin ƙasar ta sanya kamfanin cikin jerin waɗanda aka taƙaita hulɗa da su. Kamfanin ya sha musanta cewa yana miƙa bayanan abokan cinikinsa ga wata gwamnati.

Ga ƙasar da ke ɗaukar hoton bututun mai, madatsun ruwa da tashoshin lantarki da kayan da aka ƙera a waje, tambayar wanda ke da kwafin waɗannan hotuna ta zama tambayar tsaron ƙasa.

Abin da ke kwantar da hankalin jama'a

Matakan da wasu ƙasashe suka ɗauka na ƙoƙarin amsa tambayoyin nan uku da mai ɗaga kai ke yi. Amurka ta fara rajistar jiragen da suka haura giram 250 a Disambar 2015. Daga baya ta wajabta wa jiragen watsa lambar shaidarsu da wurin da mai sarrafa su yake yayin da suke sama, tamkar lambar mota, kuma ta fara tilasta bin wannan doka sosai a watan Maris na 2024. Tarayyar Turai, wadda ƙa'idojinta na bai ɗaya suka fara aiki a ƙarshen 2020, ta wajabta rajista ga mai jirgin da ke ɗauke da kyamara ko da ƙarami ne, in ban da kayan wasan yara.

Bayan doka akwai ɗabi'a. Inda ayyukan kai magunguna suka samu karɓuwa a Afirka, an fara ne da zama da sarakuna, malamai da ma'aikatan lafiya, aka nuna wa jama'a jirgin a ƙasa kafin su gan shi a sama, aka kuma bayyana musu hanyar da zai riƙa bi. Inda aka yi sakaci da wannan mataki, ko a ƙasashe masu arziki, an fuskanci turjiya. A wata unguwa ta Canberra, babban birnin Ostireliya, mazauna sun kafa ƙungiyar adawa da gwajin kai saƙo na kamfanin Wing a 2018 saboda ƙara da batun sirri, har kamfanin ya sake fasalin jiragensa domin rage ƙarar.

Ga mai ɗaukar hoto, ƙa'idojin da ƙwararru ke bi a bayyane suke: ya nemi izinin hukuma, ya sanar da mai unguwa da maƙwabta kafin tashi, ya tsaya inda za a gan shi, ya karkatar da kyamara daga tsakar gidaje, ya nisanci barikin soja, filayen jirgin sama da gidajen gyaran hali, ya kuma goge duk abin da ya ɗauka ba da niyya ba kafin ya wallafa.

Ga magidancin da ya ga jirgi na yawan shawagi a saman gidansa kuwa, jifa ko harbi na iya jawo rauni ga wani da kuma shari'a a kansa. Hanyar da ta fi tsaro ita ce ya rubuta rana da lokaci, ya ɗauki hoton jirgin idan zai iya, ya sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Idan kuma an wallafa hotonsa ko na iyalinsa ba da yardarsa ba, yana da damar kai ƙorafi ga Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, ko ya garzaya babbar kotu domin neman kare haƙƙinsa a ƙarƙashin Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki.